Koren Mai Ido

A duk gidan benen nan, daga hawa na ƙasa har na ƙarshe, babu wanda ya isa ya yi maganar kala a gaban Mai Ido ya tashi lafiya. Gyaran agogo ne sana'arsa, yana da 'yar rumfa a bakin titi, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya koya wa masu rini aiki. Sunan ma ba shi ya raɗa wa kansa ba. Kullum ya fito da safe, hula ta dace da riga, riga ta dace da wando, har safa da hankici sai ka ce shawara suka yi. Mutane suka dinga cewa, "Kai, mutumin nan yana da ido," har sunansa na gaskiya ya ɓace. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

"Baiwa ce," yakan ce, yana gyara zaman hula. "Ba a koyonta a makaranta. Ni in na kalli kala sau ɗaya, ta zauna ke nan."

Kayan da ake yabon nan, a kan gado yake tarar da su kullum in ya fito wanka, a goge, a jere. Bai taɓa tsayawa ya tambayi yadda suke zuwa wurin ba.

Matarsa, wadda har yanzu yake kira Maman yara duk da yaran sun girma sun watse, ba mai yawan roƙo ba ce. Tun da suka tare a gidan, bangon ɗakin kwanansu yana nan da fentin da suka tarar, ya koɗe, ga zanen fensir na yara har tsayin ƙugu. Duk lokacin da ta ce za a gyara sai wata hidimar ta sha gaba. Bana dai ta daure ta sayi yadi kore mai sanyi, irin na sabon ganye, ta ɗinka labule da hannunta, ta ninke ta kulle a akwati. Burinta ɗaya ne: bango ya zama kalar labulen, ta buɗe ido da safe ta ga abin da ita ta zaɓa.

Ana haka sai 'yarsu ta haihu a wani gari, tafiya ta kama ta. Tana bakin ƙofa da jaka a hannu ta miƙa masa wani ɗan ƙyalle.

"Ragowar yadin labulen ne. Ka kai wa mai fenti, ka ce ya haɗa irinsa. Miƙa masa kawai za ka yi, Baban yara. Kada ka nuna, kada ka zaɓa, kada ka sa baki. In ka ga da wahala, ka bari in dawo."

"Ni za ki ba ƙyalle?"

"Kai fa."

"Maman yara, mutane har rumfata suke zuwa tambayar kalar motar da za su saya."

"Na sani. Ka dai kai ƙyallen. Kayanka kuma na jera maka a kabad, kowace rana da hangarta. Ka bi su daga dama, kada ka cakuɗa."

Maganar ta sosa masa rai, kuma ba don raini kaɗai ba. Shekara da shekaru ita ke riƙe da komai na gidan, shi sai baki, kuma can ƙasan zuciyarsa ya san haka. Tun motarta ba ta bar unguwa ba ya ƙudura cewa wannan karon zai yi mata abu ɗaya daga farko har ƙarshe, da idonsa da hannunsa, ta dawo ta buɗe ƙofa ta rasa abin cewa. Ya ɗaga ƙyallen, ya yi masa kallo ɗaya, ya jefa shi kan taga.

"Ya zauna," ya ce.

Kafin la'asar duk wanda ya bi matakala ya ji labari. Mai Ido zai shafa wa ɗakinsa kore, ba mai shafe, ba mataimaki, kuma ranar da Maman yara za ta dawo kowa ya hallara ya ga yadda ake aiki.

Ya fara da kwashe ɗaki. Katifa ta koma falo. Kabad ta ƙi motsi saboda nauyi, sai ya rungumo kayan ciki gaba ɗaya, da na dama da na hagu, ya jibge a kan katifa, hanga suna ta ƙara. Washegari da zai fita ya tsaya a kan tulin, ya zaro abin da idonsa ya ce sun dace: jar hula, koren wando, riga ruwan hoda, safa kowace ƙafa da ra'ayinta.

A hawa na ƙasa akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo, kullum tana zaune a bakin ƙofarta da magenta. Ta gyara tabarau, ta bi shi da kallo tun daga sama.

"Ɗan nan, lafiya? Gobara aka yi a gidanku?"

"Sabon yayi ne, Goggo. Ku kun wuce wurin."

"To Allah ya sa mu wuce shi da nisa."

A titi ya ga ana ta waiwayensa fiye da kullum, har wani mai keke ya kusa faɗawa kwata. Sai ya ƙara bugun ƙirji, ya rage sauri don kowa ya samu rabonsa.

Mai fenti mutum ne da ya daɗe da gano cewa gardama ba ta sayar da kaya. Ya kalli Mai Ido daga hula zuwa safa, ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Na ciki ne ko na waje?"

"Na ɗakin kwana. Buɗe min katinka."

Mai fenti ya shimfiɗa katin kaloli a kan kanta. Mai Ido ya ɗan ja baya, ya kanne ido ɗaya, ya karkata kai kamar mai sauraron agogo, sannan ya dira yatsa.

"Wannan."

"Wannan, Yallaɓai? Ɗakin 'yar yarinya ne?"

"Ɗakina ne."

"Madalla. Shi wannan sunansa..."

"Tsaya nan! Kada ka faɗa min suna. Suna na wanda ba shi da ido ne. Ku masu fenti kun iya laƙa wa kala sunaye don ku rikita bayin Allah. Ni abin da ido ya gani nake saye."

"Gaskiya ne, Yallaɓai. Iyali sun gani?"

"Iyali ni suke tambaya."

Mai fenti ya cika masa bokiti. Ya haɗa masa da burushi da rola, ya raka shi har bakin ƙofa da addu'a.

Ya gama bango na farko ke nan, gumi na tsiyaya, sai ga Direba ya leƙo. Maƙwabcinsa ne na ƙofa da ƙofa, matashi mai tuƙa motar haya, wadda duk unguwa ke kira jar mota. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli bango, ya kalli Mai Ido.

"Yaya, ba kore ka ce Anti take so ba?"

"Ga shi kuwa kana gani."

"Ina?"

"A bango mana. Ko a goshina kake nema?"

"Wallahi ni ruwan hoda nake gani. Irin na maganin ciwon cikin yara."

Mai Ido ya ajiye rola, ya yi dariyar tausayi.

"Ka taɓa shafa fenti?"

"A'a."

"To ɗanye ne. Ɗanyen fenti ba ya nuna halinsa. Ka bari ya sha iska."

Direba ya taɓa jin haka a wani wuri, don haka ya sosa ƙeya ya tafi. Washegari ya dawo tun kafin ya fita aiki.

"Yaya, ya sha iska har ya ƙoshi. Yana nan yadda yake."

Mai Ido ya leƙa ta taga, ya hango motar Direba a ƙasa tana ƙyalli a rana, sai ya tafa hannu.

"Ga ɓarawon can! Motarka ce ke haska min bango. Ja ya bugi gilashi, gilashi ya bugi fenti. Je ka janye ta."

"Daga ƙasa har hawa na uku?"

"Haske yana hawa matakala ne? Janye ta."

Direba ya sauka, ya kai motar ƙarshen layi, ya dawo yana haki. Bango bai san an yi ba. Mai Ido ya ce ƙwan fitila ne, aka cire ƙwan fitila duk da rana ce tsaka. Ya ce rigar da ke jikin Direba ce, Direba ya tuɓe ya tsaya da singileti. Da komai ya ƙare, sai Mai Ido ya dafa kafaɗarsa, ya sassauta murya.

"Ƙanena, ban so in faɗa ba. Idonka ne. Hasken motoci ya cinye shi."

"Idona?"

"Mutum na kallon kore yana ganin ja? Kuma kai ne mai ɗaukar mutane a mota?"

Nan Direba ya tsorata. Wannan fa Mai Ido ne, wanda duk unguwa ta shaida. Ranar bai fita aiki ba. Ya je mararraba ya tsaya a gindin fitilar hanya, duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, yanzu wacce ce a kunne?"

Shi kuwa Mai Ido, da ya zauna shi kaɗai, sai ya ga laifinsa ɗaya ne: ya zaɓi kore mai sanyi da yawa, irin wanda sai masu ido ke ganewa. Tunda za a tara jama'a, gara a ƙara masa ƙarfi yadda ko Goggo za ta shaida. Ya koma shagon, ya wuce kai tsaye inda aka jera ƙananan gwangwanaye, ya ɗauko ɗaya da aka ɗiga kalarsa a murfi.

"Wannan zan ƙara a kan na farko."

Mai fenti ya kalli murfin, ja wur, ya kalli hular mai saye.

"Zai fito da shi sosai, Yallaɓai."

"Ka fara koyo," in ji Mai Ido.

Ya juye rabi a bokiti, ya juya da sandar tsintsiya. Da ya ga kamar ya yi duhu sai ya ƙara fari, da ya ga ya yi haske sai ya ƙara na gwangwani. Kowane bango da haɗin da ya samu. Da ya zo saman bango, tsani ba shi da wurin ajiye kaya, sai dabara ta zo masa: ya sa waya ya rataye ƙaramin gwangwanin a reshen fankar sama, yana miƙa hannu yana tsoma burushi. Ya yaba wa kansa ƙwarai a kan wannan, har ya yi baƙin cikin babu wanda ya gani.

Da ya gama ya sauko, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya riƙe ƙugu. Saura bushewa, kuma lokaci ya ƙure. Ya miƙa hannu ya kunna fanka, ya murɗa ta har ƙarshe.

Zagayen farko gwangwanin ya yi lilo. A na biyu ya fara feshi. Kafin Mai Ido ya tuna inda makunnin yake, fenti ya zana silin, ya zana gilashin taga, ya zana madubi, ya bi ta fuskarsa daga kunne zuwa kunne. Sannan wayar ta tsinke, gwangwani ya tashi ya daki kabad, ya faɗo yana birgima. Mai Ido ya laluba taga ido a rufe, hannunsa ya faɗa kan wani ƙyalle, ya goge fuska da shi, ya goge wuya, ya goge burushi.

Ƙarar ce ta kawo Direba a guje.

"Yaya! Jini!"

"Wane irin jini? Fenti ne."

"To ai shi ne nake cewa! Ina ƙyallen da Anti ta bari? Kawo shi mu gwada, a huta."

Mai Ido ya dubi hannunsa, ya ga ashe ƙyallen ne yake riƙe da shi, ya jiƙe sharkaf. Bai ko girgiza ba. Ya manna shi a bango.

"Gwada. Kala ɗaya ne ko ba ɗaya ba?"

Direba ya matso ya duba. Kala ɗaya ne, babu ƙarya. Ya juya ya fita yana murza ido.

Ruwan wankin bokiti kuwa, Mai Ido ya ga sauka da shi wahala ne, sai ya watsa ta baranda. Ba a jima ba aka ji sandar Goggo tana hawa matakala, ƙwas, ƙwas, tana tafe tana ambaton sunayen da ba na yabo ba. Ta iso da farin zanin gadonta a hannu ɗaya, mage a ɗaya hannun, dukansu sun canza kama.

"Ɗan nan, me na yi maka? Zanin da na shanya fari tas, dubi yadda ya koma kamar harshen magen nan!"

"Goggo, ai kin samu rini kyauta. Kore yana kwantar da hankali."

"Kore? Idona ya yi rauni, amma bai mutu ba!"

"Yaushe rabon da a canza miki tabarau?"

"Yaushe rabon da a duba maka kai?"

Ranar dawowar Maman yara, Mai Ido ya tashi da wuri. Ya lura ƙofar ɗakin ta yi muni kusa da sabon bango, sai ya shafe ta ciki da waje har da gefuna, ya ja ta ya rufe gam don kada wani ya saci kallo. Ya yi wanka, ya zaɓo kaya da kansa, ya tsaya a falo yana karɓar baƙi. Mutanen bene suka cika falo har matakala. Wasu don fenti suka zo, wasu don kayan jikinsa, domin labarinsu ya riga ya kai bakin titi. Direba ne ya je tasha ɗauko ta, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ta shigo da sallama, ta ga katifa a falo, ta ga tulin kaya, sannan ta ga mijinta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baban yara, ba na ce ka bi hanga daga dama ba?"

"Bar maganar hanga. Jama'a, a ba ta hanya! Maman yara, yau za ki san wa kika aura."

Ya kama hannun ƙofa ya murɗa. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba, fenti ya manne ta da bango. Ya tura, ya jijjiga, ya yi wa jama'a murmushi.

"Sabon aiki ne, haka yake yi."

Ya ja da baya, ya sa kafaɗa ya taho da gudu. Ƙofar ta buɗe da wata ƙara kamar an yage buhu, ta wuce da shi ciki, ƙafarsa ɗaya ta faɗa cikin bokitin da ya manta a bayanta, ya tafi da santsi har gindin gado. Ya miƙe da bokiti a ƙafa, ya buɗe hannuwa.

"Bismilla!"

Jama'a suka leƙo ciki. Bango ɗaya ruwan hoda ne, na kusa da shi ja-ja, na wajen taga kamar jan bulo, silin kuma ya sha ɗigo kamar mai ƙyanda. Maman yara ta shiga a hankali, jakarta har yanzu a kafaɗa. Ta juya ta kalli kowane bango ɗaya bayan ɗaya.

"Ka kai ƙyallen?"

"Ƙyalle na masu neman taimako ne."

"Ni dai na faɗa," in ji Goggo daga baya. "Harshen mage."

Aka fara ƙunshe dariya. Mai Ido ya ɗaga hannu.

"Na gaji da gardamar marasa ido. Wannan tabarau, wancan hasken mota. Maman yara, ba ni makullin akwati. Labule ne zai raba mu."

"Baban yara, bari sai mutane sun tafi."

"A gabansu nake so!"

Ta dube shi, ta ga babu makawa, ta miƙa masa. Ya zaro labulen, ya hau tsani da sawun fenti a kowane mataki, ya rataya shi, ya baza shi a jikin bango. Kore shar, mai sanyi, a tsakiyar wannan jan. Ya sauko, ya ja baya, ya kanne ido ɗaya, fuskarsa ta cika da farin ciki na gaskiya.

"To! Duk mai ido a cikinku ya zo ya nuna min inda labule ya ƙare, bango ya fara."

Dariyar da ta fashe har a titi an ji ta. Wani ya zauna a ƙasa, wata ta riƙe ciki tana neman bango ta jingina, aka janye ta saboda fenti. Direba ya ɗaga hannu sama yana tsalle.

"Alhamdu lillahi! Idona lau! Jama'a, idona lau! Yaya, tsaya, hularka da wandonka fa?"

"Kala ɗaya ne mana. Ai shi ya sa na haɗa su."

Aka sake kwashewa. Mai Ido ya bi fuskoki da kallo yana neman wanda zai tsaya masa, bai samu ba. Sai ya juya wurin matarsa. Ita kaɗai ce ba ta dariya.

"Maman yara, gaya musu."

"Labulen kore ne," ta ce a hankali. "Bangon ja ne, Baban yara. Wancan ruwan hoda. Na kusurwar can kuma ban san sunansa ba."

Ya kalli labule, ya kalli bango, ya sake kallon labule. A idonsa babu abin da ya raba su. Amma matar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya a gaban mutane ba, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ta tafa hannu. "To, kallo ya ƙare. Mun gode. Goggo, zaninki yana wuyana. Direba ƙanena, a ja mana ƙofar falo."

Da gida ya yi shiru suka zauna a kan katakon gado, shi da ƙafa ɗaya ja har idon sawu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ka tuna ranar da ka fara yi min magana a tashar mota?"

"Ina zan manta? Kina sanye da koren mayafi. Na ce kore ya yi miki kyau."

"Ruwan hoda ne."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Na ɗauka wasa kake, na yi dariya," ta ce. "Kai kuma ka ɗauka ka burge ni."

"To duk koren da nake saya miki fa? Yadi, jaka, takalmi?"

"Ja, ko ruwan hoda. Sau ɗaya ka yi sa'a ka kawo ruwan ƙasa."

"Kuma kika sa?"

"Na sa mana. Ba kai ka saya ba?"

"Me ya hana ki gaya min?"

"Sau nawa na fara? Kafin in kai tsakiya ka gama min bayanin baiwa. Daga baya kuma na ga yadda kake tafiya in an kira ka Mai Ido, sai na kasa. Na ce jera kaya ai ba wani aiki ba ne." Ta miƙa hannu ta shafa gefen labulen. "Kai ka sa min son koren, kullum kana cewa ya yi min kyau. Shi ya sa na ce bari sau ɗaya dai in ga na gaske."

Wannan ta fi dariyar mutane zafi. Kunya ta rufe shi, da tausayinta, har ya rasa inda zai sa idon da ake magana.

"Na so in yi miki abu ɗaya da kaina," ya ce. "Na ɓata miki ɗaki."

"Fenti ne, ana shafa wani a kai. Gobe za mu je shagon tare. Ni zan zaɓa, kai ka shafa." Ta ɗaga kai ta ga silin, ta ga madubi, ta ga wayar da ke reto a jikin fanka. "Ko dai Direba ya shafa, kai ka riƙe tsani."

Washegari da safe ya fito wanka, ya tsaya a kan tulin kaya da hula a kowane hannu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya yi gyaran murya, ya leƙa kicin.

"Maman yara, wacce zan sa?"

Ta juyo tana murmushi, ta nuna ta hagu da cokali.

Suka sauko tare, ita da sabon ƙyalle a jaka, shi fes da shi kamar da. Goggo tana bakin ƙofa da magenta da har yanzu ba ta gama komawa fara ba. Direba yana wanke mota, da ya hango su sai ya saki soso.

"A'a, Yaya! Yau an dace. Yanzu wane suna za mu koma kiran ka?"

Mai Ido ya tsaya, ya gyara zaman hula, ya nuna matarsa da ke gaba tana tafiya.

"Wa ya zaɓo wannan a cikin tasha cike da mutane?"

"Kai ne, Yaya."

"To ka ci gaba da kira na Mai Ido," ya ce, ya ɗaga ƙafa ya bi bayanta.